Ɗan uwanka na dab da fitowa daga gidan yari a Amurka? Ga yadda zaka tantance adireshin masaukin da ka gani a intanet

Ranar da yayata ta kirani daga Kano muryarta har rawa take saboda murna, tace min "ƙanina na samo masa gida, akwai lambar waya akwai hoto, ka kira su ka ji nawa ne kuɗin rajista in turo maka". Ɗanta take nufi, a nan Amurka aka haife shi lokacin suna zaune nan, ƙaddara ta faɗa masa ya shiga gidan yarin gwamnatin tarayya, lokacin saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya fito. Ita kuma kullum dare tana kan waya tana neman inda zai sauka, har ta faɗa wani shafi irin waɗanda suke jera sunayen gidaje da ƙungiyoyin dake karɓar mutanen da suka gama zaman kaso.

Na kira lambar, wani mai shagon taya ne ya ɗauka, yace shekararsa uku da layin kuma ba ni ne na farko da ya tambaye shi wannan maganar ba. Ranar Asabar na shiga jirgin ƙasa naje adireshin da kaina, na tarar da ƙofa da kwaɗo, akwatin wasiƙa ya cika da takardun talla har ruwan sama ya jiƙa su sun manne da juna, wata tsohuwa dake maƙwabtaka tace min ai tun lokacin korona suka tashi. Kuma har ranar shafin yana nuna wai wurin a buɗe yake, ƙarfe tara zuwa biyar. Wallahi abin da yafi min wuya shine in sake kiran Yaya in faɗa mata.

Irin waɗannan shafukan ba duka bane na 'yan damfara, da yawa da kyakkyawar niyya aka buɗe su, matsalar ita ce kwafa suke daga juna kuma ba mai komawa ya duba. Su kuma wuraren da kwangila da tallafi suke rayuwa, kwangila ta ƙare a rufe ƙofa. A 2017 kaɗai hukumar gidajen yarin tarayya, wato BOP, ta yanke hulɗa da irin waɗannan gidaje guda 16. Kai hatta manyan gidajen yarin kansu ana rufewa, na MCC dake Manhatan an kwashe mutanen ciki a 2021, na mata dake Dublin a jihar Kalifoniya shima an rufe shi a 2024. Toh in gidan yari guda zai iya tashi, ina ga ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata huɗu. Don haka duk abin da ka gani a irin wannan jeri ka ɗauke shi a matsayin ji, ka bi waɗannan matakan kafin ka sa rai ko ka sa kuɗi.

Mataki na farko: a hannun wa yake?

Mutane suna tsallake wannan, alhali shine tushe. A Amurka gidan yari ba iri ɗaya bane, akwai na tarayya, akwai na jiha wanda kowace jiha take da hukumarta da dokokinta, sannan akwai na ƙaramar hukuma da suke kira kawunti inda galibi masu jiran shari'a da masu gajeren hukunci suke. Shirin da ya shafi fursunan jihar Tekzas ba ruwansa da wanda ke hannun tarayya ko da a gari ɗaya suke zaune.

In na tarayya ne ka shiga bop.gov, akwai wurin neman fursuna, yana da bayanan mutane tun daga 1982. Zaka iya nema da suna amma gara ka yi amfani da lambar rajistarsa, lambobi takwas ne, biyar sai ɗan layi sai uku, domin sunayenmu yadda ake rubuta su a takardun kotu sai a hankali, Muhammad ya koma Mohamed, sunan uba ya koma na farko. Zai nuna maka inda yake da ranar da ake sa ran sakinsa, kuma ranar tana iya matsawa gaba ko baya saboda haka ka riƙa lekawa. In na jiha ne sai ka nemi shafin hukumar gidajen gyaran hali ta wannan jihar, mafi yawansu adireshinsu da .gov yake ƙarewa, wanda gwamnati kaɗai ake ba. In baka san ma ina yake ba gwada shafin neman fursuna na VINELink, yana haɗa jihohi da kawunti da yawa.

Mataki na biyu, kuma dan Allah kar ka wuce shi: maganar takardu

Wannan ya shafe mu fiye da kowa. In ɗan uwanka ba ɗan ƙasa bane, ko da yana da girin kad, akwai yiwuwar hukumar shige da fice ta ICE ta riga ta ajiye takarda a fayil ɗinsa cewa ranar da ya gama a miƙa mata shi. Mai irin wannan takarda galibi ba a tura shi gidan da kake ta nema ɗin, daga gidan yari sai wurin tsare baƙi. Dokar nan ta 2018 da Trump ya sa wa hannu wadda ake samun ragin kwanaki in mutum yana shiga darussa, kwana 10 a duk kwana 30 wasu har 15, ita ma ta ce wanda aka riga aka yanke wa hukuncin kora na ƙarshe ba zai ci moriyar ragin ba. Na san iyali a masallacinmu da suka yi wata da watanni suna neman ɗaki da aiki, suka sayi katifa, ashe tun farko ba ta nan hanyar take ba, lauyan shige da fice ya kamata su nema tun da wuri.

Ka sa shi ya tambayi jami'in dake riƙe da fayil ɗinsa, kes manaja suke ce masa, ko akwai wannan takardar. In har an riga an wuce dashi, shafin locator.ice.gov ne wurin nema, ana sa lambarsa mai farawa da harafin A da ƙasar haihuwa, lambar guda tara ce in tasa bata kai ba sai ka ƙara sifili a farkonta. Kuma yana da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, Najeriya tana da ofis a Washinton da Niyok da Atlanta.

Mataki na uku: wane irin gida ne ma wannan da aka rubuta?

A nan ne Yaya ta ruɗe, kuma ba laifinta bane don shafukan duk a kwando ɗaya suke zuba su. Ni dai gidan zango nake ce wa abin da Turawa ke kira halfway house, don zango ne tsakanin gidan yari da gida. Amma kala uku ne a ƙalla.

Na farko wanda yake da kwangila da gwamnati, a takardun BOP sunansa RRC. Mutumin dake ciki har yanzu zaman hukunci yake, ana ƙirga shi, ana gwajin fitsari, fita sai da izini. Wannan kai baka isa ka nema masa ba, ba fom da zaka cike ba kuɗin da zaka biya. Jami'an sashen da yake ne suke rubuta shawarar tura shi, kusan wata 17 zuwa 19 kafin ranar fita, sai ofishin yanki da ake kira RRM ya nemo masa gado. Dokar da Bush ya sa wa hannu a 2008 ta bada damar har wata 12, amma damar ce kawai, da yawa abin da suke samu bai kai haka ba saboda ƙarancin gado. Masu gudanar da gidajen kamfanoni ne da ƙungiyoyi irin su GEO, CoreCivic, Dismas Charities, Volunteers of America, shi yasa zaka ga sunan ba na gwamnati bane. Jerin gidajen da suke da kwangila yana nan a bop.gov ɗin, nan zaka duba ba wani shafi ba. Wani abu da ke tada hankalin iyaye: ranar da aka kai shi gidan zango, in ka neme shi a shafin ba zaka ga sunan gidan ba, sunan ofishin RRM zaka gani, wanda zai iya kasancewa a wani gari daban. Ba ɓata yayi ba, haka tsarin yake.

Na biyu gidajen masu barin shaye-shaye, waɗanda mutum ke biyan haya da kansa. Wasu nagari ne ƙwarai, irin Oxford House da aka fara a 1975 a Merilan wanda mazauna gidan ne suke tafiyar dashi da kansu. Wasu kuwa mutum ne kawai ya sayi tsohon gida ya jera gadaje masu hawa biyu ya buɗe shafi, domin a jihohi da dama ba a buƙatar lasisi. Akwai ƙungiyar NARR mai rassa a jihohi dake tantance irin waɗannan gidajen, ka duba ko sunan gidan yana jerin reshen jihar. In kuma wurin cewa yayi yana bada magani, ka neme shi a findtreatment.gov.

Na uku ƙungiyoyin taimako, su koya sana'a, su nema wa mutum aiki, su taya shi karɓar katin shaida, amma yawanci ba wurin kwana. Kar ka ga an rubuta "gidaje" a cikin ayyukansu ka ɗauka ɗaki zasu bashi, sau da yawa ma'anarta zasu nuna masa inda zai je ya bi layi.

Mataki na huɗu: ka tuhumi shafin kansa

Wannan minti goma ne. Sauka can ƙasa ka ga shekarar da aka rubuta, ka nemi inda suka ce ga ranar da aka sabunta bayanin, in babu toh alama ce. Wa ya mallaki shafin, akwai suna da adireshin ofis ko talla ce kawai ta ko'ina? In lambar waya ɗaya ce ake nunawa a saman kowane gida a kowace jiha, wannan ba lambar gidan bace, ta dillalai ce masu sayar da sunanka ga wanda ya biya su. Kwafi lambar da adireshin ka sa a Google daban-daban ka ga sunan da zai fito. Buɗe taswira ka kalli hoton titin, a jikin hoton akwai wata da shekarar da aka ɗauka. Sannan ka nemi shafin ƙungiyar na kanta da Facebook ɗinta, ƙungiyar dake aiki ba zata yi shekara biyu bata saka ko hoton taro ba. In shafinsu ya mutu sa linkin a archive.org, zai nuna maka lokacin ƙarshe da yake raye.

Kuma ganin suna ɗaya a shafi biyar ba shaida biyar bace, in duk kuskuren rubutu ɗaya suke ɗauke dashi ka san daga rijiya ɗaya suka ɗebo.

Mataki na biyar: rajista

Duk ƙungiyar da tace ta agaji ce tana da lambar haraji mai lambobi tara da ake kira EIN. Ka tambaye su, mai gaskiya ba ya jin nauyin bayarwa. Hukumar haraji ta IRS tana da wurin neman ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji a irs.gov, kyauta ne, zaka ga ko rajistar tana nan ko an soke, don duk wadda tayi shekara uku a jere bata miƙa rahoto ba sokewa ake kai tsaye. Rahoton sunansa fom 990, a shafin 'yan jarida na ProPublica ma zaka same shi cikin sauƙi, ka duba na shekarar ƙarshe ka ga kuɗin da ya shiga da yawan ma'aikata. Wadda tace tana da gidaje shida amma rahotonta bai nuna ko albashin mutum ɗaya ba, akwai tambaya.

Sai dai a yi adalci, masallatai da coci-coci doka bata tilasta musu shiga wannan jerin ba, ƙananan ƙungiyoyi da kuɗinsu bai wuce dala 50,000 a shekara ba suma ɗan gajeren fom suke cikewa, don haka rashin ganin cikakken rahoto ba shine hukunci ba. In kamfani ne mai neman riba ka duba rajistarsa a ofishin sakataren jihar, a mafi yawan jihohi nan ake rajistar kamfanoni.

Mataki na shida: kira, ka kuma yi tambayar da ta dace

Da rana a ranar aiki zaka kira. In daga Najeriya ko Nijar ne ka tuna kuna gaban Niyok da awa biyar lokacin zafinsu, awa shida lokacin sanyi, kuma lambobin kyauta masu farawa da 800 ba lallai su shiga daga waje ba, gara ka sa wani dake Amurka ya kira. Kar ka fara da zuba labarin ɗan uwanka, kar ka bada cikakken sunansa ko lambarsa ta soshiyal sekuriti, tukuna. Kai ne mai tambaya. Har yanzu kuna karɓar mutane? Mutum da kansa yake nema ko sai jami'i ya turo shi? Akwai layin jira, wata nawa? Wane irin laifi ne bakwa karɓa, don wurare da yawa basa ɗaukar mai laifin da ya shafi lalata ko ƙone-ƙone, gara ka ji tun yanzu. Nawa ake biya a sati, me kuɗin ya ƙunsa, in ya rasa aiki sati biyu korarsa za'a yi? Wace hukuma ce take turo muku mutane?

Mu kuma muna da namu tambayoyin da ba wanda zai yi mana. Za'a barshi yaje Juma'a? Abinci fa, akwai yadda zai kauce wa naman alade, zai iya dafa nasa? Da azumi kicin yana buɗe da asuba? Wasu gidajen na coci ne kuma halartar addu'arsu sharaɗi ne, ba ɓoyewa suke ba amma sai ka tambaya. Akwai na Musulmi ma, a Shikago ƙungiyar IMAN tana da shirin gidaje da koyar da aikin gini ga waɗanda suka fito, sannan Tayba Foundation a Kalifoniya tana koyar da fursunoni Musulmi karatu tana kuma bin su bayan fitowa. Suma dai ka kira ka ji halin da ake ciki yanzu, kar kace don na ambace su shikenan.

Kafin ka ajiye waya ka karɓi sunan wanda kayi magana dashi, ka roƙi su turo maka dokokin gidan da kuɗin ta imel. Ka lura da imel ɗin, daga adireshin ƙungiyar ya fito ko daga wani akwati na kyauta mai lambobi barkatai.

Don samun bakin wani daban, a cikin Amurka ana kiran 211, layi ne na neman taimakon jama'a, ka tambaye su ko sun san wurin. Ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali na yankin suma sun san wane gida ne na kirki wane ne ba na kirki ba, don kullum mutanensu suna shiga suna fita.

Mataki na bakwai: a taka a je

Gani ya kori ji. In kana da kowa a garin, ko abokin abokinka ne, roƙe shi ya je. Muna da jama'a a Buronks, 'yan zangon Gana da 'yan Najeriya, muna da 'yan Nijar da yawa a Girinsboro, limamin masallaci ɗaya zai iya haɗaka da wanda zai leƙa maka. Gidan da na samu daga baya da naje, abin da ya kwantar min da hankali ba fentin bango bane, a jikin firij na ga takardar rabon shara da wanke-wanke da sunan kowa da ranarsa, ga littafin fita da shiga a kan tebur an cike shi har na safiyar ranar, mutum biyu a ɗaki, tashar bas kuma bata fi tafiyar minti biyar ba. Maganar bas ɗin nan kar ka raina ta, mutum ne ba mota ba lasisi, kuma dole ya je aiki ya je wurin jami'in dake sa masa ido a kan lokaci.

Mataki na takwas: mayar da komai wurin jami'i

Duk wahalar da kayi, in jami'in bai amince da adireshin ba aikin banza ne. Bayan gidan zango yawanci akwai shekarun sa ido, kuma ofishin sa idon sai ya binciki inda mutum zai zauna, har zuwa suke su ga gidan. In so kuke ya koma wata jiha kusa da dangi wannan ma sai an nemi izini tun da wuri, na jiha akwai yarjejeniya tsakanin jihohi da ake bi kuma tana ɗaukar lokaci. In gidan gwamnati kuke haya ku tambayi ofishin gidajen kafin ku sa shi a ciki, kar taimako ya ja muku rasa muhalli. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tura wa ɗan uwan naka sunan wurin da adireshi da sunan wanda ka yi magana dashi, ta wasiƙa ko CorrLinks, wato imel ɗin fursunoni, shi kuma ya kai wa kes manaja, don jami'an ba kasafai suke tattauna fayil da dangi ba sai shi ya sa hannu a takardar izini.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tafi ci min rai. Tunda shafin neman fursuna a buɗe yake ga kowa, ɓarayi ma suna shiga, su ɗauki suna da lamba da ranar fita su nemo dangi. Sai a kira uwa ace daga hukuma ne, an amince ɗanki ya fito da wuri amma sai an biya kuɗin na'urar da ake ɗaurawa a ƙafa ko kuɗin gado kafin ƙarfe biyar, a turo ta katin kyauta ko kirifto ko manhajar tura kuɗi. Sun san lambarsa, sun san gidan yarin da yake, wace uwa ce zuciyarta ba zata karye ba. BOP da kanta ta fitar da gargaɗi cewa bata kiran dangi ta nemi kuɗi don a saki mutum ko a kai shi gidan zango. Ka kashe wayar, ka ɗauko lambar gidan yarin daga bop.gov ka kira da kanka, kar ka bi lambar da ta fito a fuskar wayarka don ana iya ƙirƙirarta. In an riga an cuce ku a kai rahoto reportfraud.ftc.gov, a kuma sanar da banki nan take. Haka duk wanda yace ka biya ya sama masa inshorar da ake ba mai ɗaukar tsohon fursuna aiki, ƙarya ne, shirin na gwamnatin tarayya ne tun 1966, dala 5,000 na wata shida na farko kuma kyauta, a ofisoshin neman aiki na gwamnati ake nema.

Ni littafi na saya na musamman, kowane wuri shafinsa, ranar da na kira, wa ya ɗauka, me yace, in na ga abu a intanet in ɗauki sikirinshot da kwanan wata. Cikin wurare goma sha ɗaya da Yaya ta turo min huɗu ne kawai na samu suna aiki, biyu daga ciki basa karɓar na tarayya. Sauran biyun na sake kiransu saura wata uku, na kuma kira saura sati biyu, a kira na ƙarshen ne ɗaya yace min gadon da suka yi alkawari an ba wani, sai muka koma kan ɗayan, na tura wa yaron sabon adireshin a daren ya kai wa jami'insa da safe.